Kunya a Ikko

A Wurno babana fangali yake yi:
ya ƙwaƙule tsakiya, ya ɗaga gefe,
kamar mai haɗa tafin hannu a bakin tulu.
Ruwa baƙo ne, in ji shi,
in ya shigo ka ja masa ƙyaure.

Da wannan karatun na sauka Ikko.
Na sami ɗan fili a Iba, ƙarƙashin manyan wayoyin wuta,
na yanka fangali ashirin da huɗu,
na watsa alayyafo, na dasa latas, na je na kwanta.
Ruwan dare ɗaya, daren Laraba.
Da asuba na tarar da kwaɗi sun kafa majalisa
a kan kuɗin takina,
silifas ɗin wani na shawagi inda latas yake jiya.

Baba Senapon, tsohon masunci daga Badagiri,
mai lambun da ke jingine da nawa,
bai yi dariya ba sai da ya haɗiye goronsa.
Ya karɓi shebur, ya tona zira'i guda,
ruwa ya leƙo daga ramin
kamar dama jira yake a kira sunansa.
Ya ce: nan ƙasa ba ta jin ƙishirwa,
numfashi take nema.

Haka na ji kunya, haka na koyi yin ta.
Tsayinta gwiwata.
Gefenta tsoffin katakai da na roƙo a Alaba,
ƙusoshinsu sun sha jinina sau biyu.
Can ƙasa fasasshen bulo da ɓawon kwakwa,
sai yashi gauraye da gawayin Iya Risikatu mai gasa masara,
sai baƙar ƙasa da kashin kaji
wanda ya kwana ashirin yana huce fushinsa.
Tsakanin kunya da kunya na ja kwari,
na kwantar da kwalba mai rabin ruwa a kan katako
ta nuna mini inda gangare ya fuskanta.
Kwalba ba ta son kai.

Yanzu in hadari ya taso daga teku
ba sama nake kallo ba, magudana nake kallo.
Leda ɗaya ta isa ta toshe bakinta,
ta mayar da ni daren Laraba.
Nakan fita da buhu a ka, da ƙugiyar waya a hannu,
ina zaro shara, ina ba ruwa hanya
kamar ɗan sandan mahaɗa.

Sai rani ya zo ya tona asirin tudu:
abin da ya ɗaga kai shi yake fara bushewa.
Kafin azahar lalo ya sunkuya, ugu ya saki kunne.
A nan muryar babana ta dawo.
Na lulluɓe kunyoyin da busasshen ganyen ayaba,
na koma ban-ruwa da sanyin safiya, a gindi,
kaɗan-kaɗan, yadda ake shayar da maras lafiya.

Ba ni da ma'auni sai yatsa.
In tura shi zuwa gaɓa ta biyu,
in damƙi ƙasa in matse:
in ta yi hawaye, na ajiye garwa;
in ta zube ta tsakanin yatsu, na makara;
in ta dunƙule, na taɓa ta, ta buɗe a hankali
da tana guda tana miƙa a ciki,
to ranar ni da ita ba mu da bashi.

Jiya na kira gida.
Na faɗa wa tsoho duk yadda nake yi.
Ya yi shiru, har na duba ko kati ne ya ƙare.
Can ya ce: Wato kai yanzu korar ruwa kake?
Na ce e, Baba.
Ya ce: To wanda ka kora,
in ya rasa masauki,
ka kwatanta masa Wurno.