Kifin da Bai Ga Wuta Ba

Shekara talatin ina tuyar kifi a Sabon Gari,
har hayaƙi ya san hanyar idona.
Ran da Tanimu ya karɓi albashin fari
ya ce, Inna, ɗauko mayafi, yau ke za a yi wa hidima.

Wani gida ne bayan Kwangila,
fitilu ƙasa-ƙasa kamar ana rowar wuta.
Aka ajiye mini tsinke biyu.
Na ce, tsire za a kawo?
Yaron ya ɓoye dariya a hannun riga.

Wai girkin ƙasa biyu ne:
Japan ta zo da wuƙa,
Peru ta zo da lemun tsami da barkono.

Ga kifi yanka falle-falle, ana hango faranti ta cikinsa,
ɗanye sharaf, kwance cikin ruwan tsami,
jar albasa, dankali,
masara ƙwaya bakwai, na ƙirga.
Ina mai? Ina garwashi?

Na ture tsinken, na wanke hannu, na yi bisimilla.

Tsami ya fara sallama, yaji ya biyo shi,
sannan kifin da kansa ya yi magana
da muryar da na daɗe ina toshewa da man gyaɗa.

Ban ce ya yi daɗi ba.
Da takardar kuɗi ta zo na leƙa:
kwandon tarwaɗa guda, har da ladan ɗan dako.

A hanya na ce a tsaya wajen Lantana.
Na sayi lemun tsami na ɗari biyu.
Tanimu ya kalli titi, bai tambaye ni ba.