Kwalba Biyu a Wunti

A ƙasan kantar Baba, bayan gwangwanin ƙusoshi,
na tarar da su naɗe cikin tsohuwar hula:
kwalba biyu, tsawon babban yatsa,
daga cikin rediyon da ya girme ni.
Ya ce ba a zubar da abin da ya taɓa magana.

Habila na Yalwa ne ya jefa ni cikin wannan aiki.
Wai jitarsa in ta bi ta akwatin zamani
sai ta fito fes kamar miyar asibiti,
ba gishiri, ba ƙauri.
Shi kuwa ƙauri yake so.
Na ce kawo kuɗin waya da dalma, sauran in ta yi magana.

Dare nawa na yi ina zane a bayan kalandar bara,
layi na hawa kan layi kamar hanyar tururuwa?
Kwalba ba ta san lallashi ba,
sai wuta mai ƙarfi take buɗe baki.
Ran nan na kashe komai, na cire soket,
na kai hannu da gadara,
kwandansa ta ce tana nan da ajiyarta.
Sai da na ga Dutsen Wambai ya zama biyu.
Baba bai ɗago daga fankar da yake gyara ba,
ya ce yanzu kun gaisa.

Sannan na kawo yaron:
ɗan cif mai faɗin farce, baƙi, ƙafafu kamar kyankyaso.
Ba ya waƙa, lissafi kawai ya iya.
Na koya masa da kwamfutar aro
ya ƙirga talatin kafin ya saki babbar wuta,
don tsohuwa ta ɗumama gaɓoɓinta tukuna.
Na koya masa ya riƙe a ka:
lamba ɗaya, muryar safiyar Lahadi,
biyu ta biki,
uku kuwa ta ranar da Habila ya tashi da fushi.

Amma tsohuwa da yaro a ɗaki ɗaya!
Shi yana ƙirge, ita tana jin ƙirgensa,
ta kwashe ta kai wa lasifika,
zzz, kamar sauro ya samu kunne.
Kwana tara ina farautar ƙugi.
Na sauya waya, na zargi tiransifoma,
na zargi janaretan mai walda da ke maƙwabtaka,
har kaina na zarga.
Ƙarshe gwangwanin madara na yanka
na yi musu katanga a tsakani,
na tattara wayoyin ƙasa duka kan ƙusa guda.
Shiru ya sauko.
Ban taɓa sanin shiru ma ƙera shi ake yi ba.

Bayan la'asar Habila ya iso a acaɓa,
jita a baya, tsirkiya ɗaya ɗaure da dabara.
Jar lamba ta soma sauka a ɗan allo,
kwalabe suka yi ja a hankali
kamar garwashin mai tsire da aka fifita.
Ƙas, yaron ya buɗe ƙofa.

Ya taɓa tsirkiya.
Mai lemo ya bar wuƙa cikin ɓawo.
Sautin ya fito da kauri, gefensa a ɗan ƙone,
irin ƙanzon da ake faɗa a kansa.

Baba kunnensa ya yi nauyi tun bara waccan.
Ya taso, ya ɗora tafin hannu a jikin akwatin,
ya daɗe a haka.
Ya ce ta hagun ta fi gajiya, ka nemo mata 'yar'uwa.

Sai aka ɗauke wuta.
Lambar ta mutu nan take.
Kwalaben kuwa suka ɗan jima da ɗuminsu,
Habila na ta kaɗa wayar da ba mai ji sai mu uku,
ni ina lissafin cikon kuɗina.