Gobe Ma Akwai Gyara

A Tudun Wada, bayan layin masu walda,
nan shagonmu yake, mu bakwai da keke uku.
Fata daga majema, roba daga Sabon Gari,
mu yanka, mu manna, mu shanya a rana,
mu ce mun iya. Ashe da saura.

Wata Laraba Lantana ta iso daga Samaru,
buhu a ka, ta zazzage shi tsakar shago.
Ƙafa arba'in ta sara, sha ɗaya sun yi hamma,
gindi ya rabu da fata kamar bakin kada.
Ba ta yi faɗa ba. Ina ma ta yi.
Ta ce, "Baba Sallau, ƙirga,"
ta ja kujera tana jira.

Da a da ne, sai a nemo mai laifi,
a ce Barau ne, yaron nan barci gare shi,
a zabge masa kuɗin sati, a wuce wurin.
Amma tsohon ya ɗauki ɗaya, ya shinshina.
"Me ya ɓalle shi?" Muka ce gam bai kama ba.
"Me ya hana shi kamawa?" An manna shi da ɗanye.
"Wa ke korar ku?" Benci ɗaya ne,
na baya na numfashi a ƙeyar na gaba.
"Ina ɗayan?" Muka dubi juna.
Yana lungu, ƙarƙashin tarkacen bara.

Benci ne ya ci mu, ba Barau ba.
Ranar har magariba muna shara.

Da safe ya rataye littafi a jikin ƙofa,
da guntun fensir ɗaure da zare.
"Wanda takalmi ke matsa wa shi ya san wurin.
Ku rubuta, da boko ko da ajami,
kome ƙanƙantarsa. Ba zagi, ba kyara."

Iliya ya zana siffar almakashi a bango,
da ta guduma, da ta basilla,
kowa ya ɗauka ya san inda zai mayar.
Barau, shi mai barcin, ya kawo agogon kakarsa:
minti goma sha biyu gam zai sha iska
kafin wani hannu ya ɗora.
Ni na kawo shawarar zare mai araha.
Ya tsinke a ƙafar wani liman ran Juma'a.
Wannan ma na rubuta, da hannuna,
kunya tana cina, fensir na ƙara.

Na tuna ranar da Tanimu, autanmu,
da ko gashin baki bai yi ba,
ya ɗaga hannu ya ce a tsaya,
ɗinkin Baba ne da kansa ya karkace.
Shago ya yi tsit.
Tsohon ya duba, ya duba,
ya miƙa masa reza ya ce, "Wara."

Sha ɗaya ta koma shida, shida ta koma biyu.
Muka fara tafiya da ƙirji a gaba.
Sai damina ta sauka, Kubanni ta cika,
fata ta sha laima, biyar suka dawo.
Agogo bai yi ƙarya ba, iska ce ta sauya,
mu ne ba mu lura.

Wata ɗaliba ta zo daga jami'a da takardu,
ta ce abin nan yana da suna a manyan littattafai,
kamfanoni na biyan kuɗi a koya musu.
Baba ya yi dariya har da tari:
"'Yar nan, mu dai gyara muke ce masa.
Da yayyafi kogi kan cika,
amma sai an tare inda yake tsiyaya."

Yanzu idonsa ya yi rauni, yana gida a Gyallesu.
Littafi na tara ke rataye a ƙofa.
Jiya Lantana ta ɗauki ƙafa ɗari,
ba ta buɗe buhun ba.
Na rufe shago, na dawo neman makulli,
na yi tuntuɓe da wayar keke a duhu.
Na laluba fensir.
Gobe da wannan za mu fara.