Mai Gida Na Biyu

Da hantsi na buɗe shagona a Aboabo,
na goge idon kyamara da bakin riga,
na kunna kwamfuta, ta gama tarinta,
sai ga saƙo cikin ladabin mai bin bashi:
watanka ya ƙare.

Da can ba haka muke da ita ba.
Na hau wani bene a Adum, na ƙirga sidi,
aka ba ni manhajar a faifai, cikin kwali,
na rungumo ta a trotro kamar jaririya.
Shekara tara muna tare,
har daren da wuta ta dawo da fushi
ta ƙone tsohuwar na'ura.
Sabuwar ta dubi faifan, ta ce ba ta san shi ba.
Yanzu ba a sayarwa, in ji su. Sai haya.

Mai gidana na farko na san shi,
Alhaji Gariba, mai lema da carbi.
Hayar shekara biyu yake karɓa a dunƙule,
amma ranar da na binne ƙanena
shi da kansa ya ce in bari sai bayan salla.
Na biyun nan ban taɓa ganin fuskarsa ba,
ni da fuska ce abincina.
Wa zan gaisar? Ƙofar wa zan tsuguna?
Da dala yake magana,
sidi kuwa ƙanƙara ne a tafin hannu,
kafin ka kai Kejetia ya zama ruwa.

Kwabena mai hoton biki ya yi dariya,
ya ce ɗora wa ango, ai ranar ba ya lissafi.
Yarona Fuseini ya sunkuyo kunnena:
akwai ta bayan fage, Baba, kyauta.
Na ce ban kai hamsin da bakwai ba
don in gyara fuskar mutane da kayan sata.
Ya yi shiru. Ni ma cikina bai yarda da bakina ba.

Ana cikin haka Hajiya Abiba ta shigo
da hoto ɗaya a ƙulle cikin gyale.
Mijinta ne, direban Tamale, tsaye jikin motarsa.
Yoyon kwano ya cinye masa idon hagu
da gefen hula.
Jibi sadakar arba'in, ta ce,
jikoki za su zo daga Accra,
ba na so su tarar da shi da ido ɗaya.

Aikin minti goma ne, da watan bai ƙare ba.

Na shiga ɗakin baya, inda babana Mumuni
ya kwashe rabin ransa a ƙarƙashin jar fitila.
Gwangwaninsa na nan a kan kanta:
buroshi uku, sirara kamar gashin bakin kyanwa,
da kwalbar tawada da ta bushe ta tsage.
Sau ɗaya ya biya kuɗinsu.
Ya rasu, ba wanda ya zo karɓa.
Ni me Fuseini zai tarar a gwangwanina?
Lambar sirri, da ranar biya.

Na ɗiga ruwa, tawadar ta farka.
Hannuna na rawa, ya manta hanya.
Daga azahar har aka kira magariba
ina rokon ido ɗaya ya dawo gida.

Ta ɗaga hoton kusa da fitila, ta daɗe.
Wannan ya fi nasa girma, ta ce.
Na miƙa hannu in karɓa in rage.
Ta janye.
Bar shi haka. Shekara talatin da huɗu
yana kallon titi.
Yanzu ya kalle ni da kyau.

Ta ajiye sidi hamsin a kan tebur, ta fita.
A bayana kwamfuta na nan da haƙurinta,
tana tambayar lambar katina.