Biyu Cikin Ɗari

Ƙarfe huɗu na asuba a Hull.
Titin Hessle ba kowa, sai tsuntsayen teku
suna faɗa kan ɓawon dankali.
Na kunna tanda ɗaya, na zauna kan buhun fulawa
ina maimaita karatun wasiƙar banki.

Shekarar da kuɗi suka yi ambaliya
har ni aka kira: zo ki karɓa, ruwan kaɗan ne.
Na karɓa. Na sayi tanda ta biyu,
na ɗauki Declan, na ɗauki Marzena,
burodinmu ya kai har Beverley.
Kowa da abu a aljihu,
sai dai alkama ba ta ji labari ba, ba ta ƙaru ba.
Man shanu ya hau, gas ya hau ya wuce shi,
fam ya rame a hannuna ina kallo.

Sai masu riƙe da famfo suka zauna a Landan.
Biyu cikin ɗari, in ji rediyo,
nan suke so tsada ta tsaya,
kar ta ɗara, kar ta gaza.
Suka murɗa.
Suka ƙara murɗawa.

Babana mai ban ruwa ne a Kadawa.
Ya san in ruwa ya yi yawa tumatir ruɓewa yake,
in ya yi kaɗan fure ya zube.
Amma shi a cikin gonar yake tsaye,
laka har ƙwauri, yana ganin ganye da idonsa.
Waɗannan kuwa, abin da suka toshe bana
sai baɗi ƙishinsa zai iso kwaminmu,
lokacin sun tashi daga zaman tuni.

Ya iso.
Kuɗin ruwa ya ninka, otal biyu sun janye oda.
Ranar Juma'a na sallami Declan.
Ya ninke rigar aiki da kyau, kamar zai dawo.
Tanda ta biyu yanzu faranti nake ajiyewa a ciki.

Ƙarfe bakwai tsohuwa Ollerenshaw za ta shigo,
ta zube sulallanta, ta ƙirga da ɗan yatsa,
ta ce, wata huɗu ke nan ba ki ƙara ko kwabo ba,
Allah ya yi miki albarka, Lantana.
Gaskiyarta. Fanshonta ya fara isarta.
Ba zan ce mata komai game da Declan ba.

Ƙullu ya tashi.
Na danna shi da dunƙulen hannu, ya yi ajiyar zuciya,
na rufe, na ba shi lokaci.