Kaset Goma Sha Ɗaya

A buhun Gana-mas-go na kwaso su,
daga Agege zuwa Ikeja, a kan cinya cikin danfo,
kaset goma sha ɗaya.
Danshin Ikko ya riga ni isa gare su:
fumfuna ta yi wa zaren furfura.

Olamide mai shagon bai yi gaggawa ba.
Ya sa safar hannu, ya kwance ƙusoshi biyar,
ya bi zaren da auduga kamar mai wanke gyambo.
Ya ce na'urar banza tauna kaset take,
tasa kuwa sai ya goge mata kai tukuna.
Na biya ban nemi ragi ba,
ni ɗan mai goro!

Allo ya yi yayyafi, ya yi rawa, ya nutsu.
A kusurwa: 1993.
Ga tsakar gidanmu kafin titi ya ci rabinta.
Ga Inna Ladidi tana juya waina,
ta ɗago, ta kare fuska da faifai:
"Tanimu, kashe abin nan, ban ɗaura kallabi ba!"

Shekara tara ke nan da muka kai ta.
Ashe na manta muryarta na da kaushi.

Baba bai fito ba ko sau ɗaya,
shi ke riƙe da kyamara.
Sai tarinsa, sai gefen babban yatsa,
sai hoton da ke girgiza
duk sanda dariya ta ci ƙarfinsa.

Biyu sun ƙi tashi.
Ban san me ke cikinsu ba, babu kuma wanda zan tambaya.

Sauran tara ya ɗura su a filashi
da bai kai ɓarin goro ba.
Cunkoso ya riƙe mu a Mangoro har magariba,
ina ta laluben aljihu.