Inda Layi Ya Taɓa Ƙasa

Bayan isha'i a Gangare,
sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
Shafa'atu ta baje takarda mai gida-gida.
"Baba, nawa ya rage na kuɗin keke?"
Dubu sittin. Yi ƙasa da murya.
"Nawa kake kai wa Alhaji Ɗanliti?"
Biyar-biyar, kowace Asabar, in Allah ya nufa.

Ta ja layi biyu suka gitta juna.
Na tsayen, ta ce, shi ne bashi,
na kwancen kuwa makwanni.
Malama Kangyang ta koya musu yau:
ɗigo biyu sun isa a san hanyar layi.

Ta sa sifili a gurbin mako,
sittin ta tsaya cak a can sama.
"Nan kake yanzu, Baba."
Na dubi ɗigon, na ji nauyinsa a ƙeya.
Ta sa sifili a gurbin bashi,
ta ƙirga biyar-biyar a gaɓoɓin yatsu,
sha biyu ta faɗo a layin ƙasa.
Ta ɗora rula, ta haɗa su,
layi ya gangaro sumul
kamar na saki birki daga Tudun Wada.

Ban gaya mata ba
cewa rula ba ta san facin taya ba,
ba ta san ruwan da ke yini tun asuba,
fasinja su maƙale a rumfunan Taminus,
ba ta san tashin kuɗin mai ba,
balle zazzaɓin ƙaninta na watan jiya.
Nawa layin, da za a zana shi,
sawun maciji ne a kan yashi.

Amma na karɓi fensirin,
na zagaye inda layin ya taɓa ƙasa.
Na ce me ke gaba da nan?
Ta ce ƙasa da sifili.
Na ce bar shi nan, kada ki ƙara ko taku ɗaya.

Washegari ta dawo da tara bisa goma,
ta manta ba ta sa wa layukan suna ba.
Na roƙi takardar, na liƙa ta a gaban keke.

Yau Asabar ta huɗu.
Ina ɗan sama da layin,
amma dai gangara nake.